Yadda ake kula da cin tsoho mai ciwon daji, da yadda ake tantance maganin gargajiya

Ranar da likita ya ce Baba ko Inna na da ciwon daji, kafin a yi sallar isha gida ya cika da masu ba da shawara. Wata ta ce a yanke masa sukari da nama. Wani ya ce akwai mai magani can wajen iyakar Najeriya da ke narkar da ƙari cikin kwana arba'in. Wata kuma ta turo hoton ganyen korosol, wani itace mai koren 'ya'ya masu ƙaya-ƙaya, ta WhatsApp. Duk cikinsu babu mai mugun nufi, ƙauna ce ta kawo su. Amma tsohon da ke kwance jiki ɗaya gare shi, kuma jikin nan ya riga ya fara ramewa. Abin da zan shimfiɗa a nan tsari ne da iyali a arewacin Kamaru, a Garwa, Marwa, Ngaundere ko Kuseri, za su iya bi da abin da ke kasuwarmu. Tun daga farko a sani cewa abinci ba ya kashe ciwon daji, amma shi ke riƙe mutum har ya iya ɗaukar maganin da ke yaƙarsa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ku fara da sanin abin da kuke jinya

Ciwon daji ba iri ɗaya ba ne. Na mama daban, na hanta daban, na mafitsarar maza daban, na bakin mahaifa daban, kuma abincin da ya dace da mai ciwon maƙogwaro ba shi ne na mai ciwon hanji ba. Saboda haka ku zaɓi mutum ɗaya a gida, mai haƙuri kuma mai iya karatu, ya zama shi ke riƙe littafin asibiti da duk takardun gwaji. Shi zai riƙa shiga wurin likita tare da majinyacin. Ya sayi ƙaramin littafi na dabam ya rubuta amsar waɗannan tambayoyi: mene ne sunan ciwon, ina ya kai, me ake nufi da maganin da za a ba da (warkarwa ce, ko rage ciwon, ko sauƙaƙa wahala), kuma akwai abincin da aka hana saboda ƙoda, hanta, hawan jini ko ciwon sukari. Tambayar ƙarshe tana da nauyi, domin duk abin da zan faɗa a ƙasa game da ƙara nama da nono ba zai yi wa mai ciwon ƙoda daidai ba sai da izinin likita.

A tambaya kuma ko an gwada shi ciwon hanta nau'in B. Arewacin Kamaru na cikin wuraren da cutar ta fi yawa a ƙasar, kuma shimiyo, wato maganin asibiti mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji, na iya tayar da ita idan tana kwance a jiki. In ciwon dajin na hanta ne, mata da 'ya'ya su ma su je a gwada su.

Manyan cibiyoyin ciwon daji suna kudu, a Yawunde da Duwala. In an ce sai an je can, kada a tsaya ana gwada sassaƙe wata biyu da sunan haɗa kuɗi. A haɗa kuɗin a kama hanyar Ngaundere a shiga jirgin ƙasa na dare. A yi masa guzurin kunu a filas, dafaffen ƙwai, ayaba da ruwan roba, don kada ya dogara da abin da ake sayarwa a tasha.

Ku auna shi, ku rubuta

Ido yana ruɗi, musamman ga wanda kuke gani kullum cikin babbar riga. A auna nauyinsa sau ɗaya a mako, da safe, a kan sikeli ɗaya, da kaya marasa nauyi. Idan mutum ya rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata shida ba da niyya ba, likitoci na ɗaukar wannan da muhimmanci. Ga mai kilo 60, kilo 3 ke nan. In ƙafa ko ciki ya kumbura da ruwa, sikeli zai nuna nauyin da ba na gaskiya ba, sai a dubi dantse da gefen goshi, nan rama ke fara bayyana.

Ƙa'idar da masana abincin masu ciwon daji ke bi ita ce kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) 25 zuwa 30 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, da furotin (sinadarin gina jiki) giram 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo. Mai kilo 60 yana bukatar kalori 1,500 zuwa 1,800 da furotin giram 60 zuwa 90. Ba sai kun riƙa awo a madafa ba, amma ku ga yadda lissafin ke tafiya. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Rabin lita na nono ko kindirmo kamar giram 16. Kifi mai girman tafin hannu kusan giram 20. Dafaffen wake cike da kofi kamar giram 13. Babban cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa giram 7 zuwa 8. In ya samu ƙwai biyu da sauran waɗannan a yini, ya kai wajen giram 70, ban da abin da ke cikin gero da dawa. Da wannan za ku gane cewa tsohon da ya wuni a kan koko tsinkakke da shayi bai ci komai ba, ko da cikinsa ya cika.

Abin da zai shiga tukunya

Ga mai ƙoshin lafiya ana cewa a rage mai, a rage zaƙi. Ga tsohon da ke ramewa da ciwon daji abin ya juya: ana so kowane cokali ya ɗauki ƙarfi mai yawa, tunda cokulan da zai iya haɗiyewa kaɗan ne.

Kunun gyaɗa shi ne babban makaminmu, sai dai a dama shi da wayo. A zaɓi gyaɗa da hannu, a zubar da duk wadda ta yi baƙi, ta yanƙwane, ta yi fumfuna ko take ɗaci. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai suna afilatoksin wadda ke lalata hanta, kuma tafasa ba ya kashe ta. Saboda haka markaɗe na gida ya fi na kasuwa da ba ku ga ƙwayar da aka niƙa ba. A dama gyaɗar da ruwa, a tace, a ɗora a wuta, in ta tafasa a zuba gasarar shinkafa ko ta gero. Kafin a sauke, a kaɗa ƙwai ɗaya a zuba ana juyawa har ya dahu a ciki. A kofin majinyacin a ƙara madarar gari babban cokali biyu da man gyaɗa ko man shanu cokali ɗaya. Cokalin man nan kaɗai ya haura kalori 100, kuma bai ƙara wa kunun yawa ba.

Akwai wata dabara da ta dace da wanda haɗiya ke ba wahala. Kunu mai kauri ya fi ƙarfi amma ba ya wucewa, in kuma an tsinka shi da ruwa ƙarfin ya tafi. A jiƙa gero ko masara kwana ɗaya, a shimfiɗa a kan buhu mai tsabta a rufe da ɗanyen ƙyalle kwana biyu ko uku har ya tsiro, a shanya ya bushe ƙarau, a murje tsiron da saiwar a sheƙe su, a niƙa ƙwayar. In an dama kunu mai kauri ya ɗan huce, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin nan a juya. Cikin mintoci kaɗan kunun zai saki da kansa ba tare da ƙarin ruwa ba. Sai a mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a ba shi.

Tuwon dawa ko na masakuwa (dawar rani) a tuƙa shi da laushi. Miyar kuka, kuɓewa da lalo suna da yauƙi, suna taimakon loma ta wuce. A daka kifi ko nama a cikin miyar maimakon a ba shi tsoka yana fama da ita, a kuma tsince ƙaya da kyau. Kifin Binuwai da na tafkin Lagdo ni'ima ce a gare mu, ya fi jan nama sauƙin narkewa kuma sau da yawa ya fi araha. Alale, faten wake da aka surfe, awara, faten dankali da kabewa, miyar taushe mai gyaɗa, romon kaza da aka marmasa naman a ciki, duk suna cikin tsari. Romo zalla ruwa ne mai daɗi, ƙarfin yana cikin tsokar.

Zogale ganye ne mai kyau, a sa shi a miya ko a kwaɗa shi da ƙuli, haka yakuwa da tafasa. Amma a ɗauke shi a matsayin ganyen miya. Saiwarsa da ɓawonsa kuma a bar su. Gwanda, ayaba, mangwaro, kankana da dabino a ba shi gwargwadon abin da yake so.

Maganar cewa sukari ke ciyar da ciwon daji ta jefa tsofaffi da yawa cikin yunwa. Kowace ƙwayar halitta a jiki da sukari take aiki, kuma in an hana shi a baki, jiki zai narkar da tsokarsa ya samar da shi. Haka maganar hana nama, ƙwai da nono. In ba ciwon sukari gare shi ba, a sa masa sukari ko zuma daidai misali. In yana da shi, a riƙa auna jininsa, musamman kwanakin da ake ba shi dekisametazon tare da shimiyo, domin wannan magani yana ɗaga sukari.

Yadda ake ba da abincin ya kai abincin muhimmanci. Kada a jira lokacin tuwo sau uku. A ba shi kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai, a ƙaramin kwano, domin babban akushi cike yana kashe zuciyar marar lafiya tun bai sa hannu ba. Yawancinsu sun fi iya ci da safe, to a kai abinci mafi ƙarfi a lokacin. Ya ci a zaune, ya kuma zauna rabin awa bayan ya gama kafin ya kwanta. Ruwa ya sha tsakanin ci da ci, kada ya cika ciki da shi dab da loma. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, a ajiye masa ruwa kusa da hannu a riƙa tuna masa, don tsoho ba ya jin ƙishi da wuri. Fitsari mai duhu alama ce ruwan bai isa ba.

Kuma a ci tare da shi. Dattijon da ya saba cin tuwo da ƙannensa da baƙinsa a zaure, in aka mayar da shi ɗaki shi kaɗai da kwano, ko lafiyarsa ƙalau ba zai ci da yawa ba. Maimakon a tsaya a kansa ana cewa sai ya cinye, jika ya zauna kusa ya ce, "Baba, ga kunu da ɗumi, ku ɗan kurɓa ko ludayi biyu ne." In ya ce ya isa, a ɗauke, a dawo bayan awa ɗaya.

In jiki ya ƙi karɓa

Tashin zuciya: maganin hana amai da likita ya rubuta a sha shi a kan lokaci, kada a jira aman ya zo. Ƙamshin suya da na daddawa yana tayar da zuciya, don haka a nisanta shi da madafa, a ba shi abinci mai sanyi ko wanda ya huce, irin fura da kindirmo na gida. Citta tana taimakawa. Wani gwaji da jami'ar Rochester ta Amurka ta jagoranta, wanda aka buga a 2012 a kan mutum 576, ya nuna rabin giram zuwa giram ɗaya na citta a rana, tare da maganin asibiti, yana rage tashin zuciyar ranar shimiyo. Wannan bai wuce rubu'i zuwa rabin ƙaramin cokali na gari ba. Mai shan maganin tsinka jini ya tambaya tukuna.

Gyambon baki: a zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bikarbonat (farin garin da Turawa ke kira baking soda) a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ya riƙa kurkure baki yana zubarwa bayan kowane ci da kafin barci. A cire barkono, tsamiya da lemon tsami har ya warke. Asuwaki mai tauri a ajiye shi, a yi amfani da buroshi mai laushi. In an ga fari-fari a harshe kamar kindirmo, akwai maganinsa a asibiti. In ya ce komai ɗanɗanon ƙarfe yake masa, a gwada ludayin duma ko cokalin roba.

Gudawa: ruwan gishiri da sukari, ko na leda daga kantin magani ko na gida, wato lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ba shi shinkafa mai laushi da ayaba, a dakatar da madara na ɗan lokaci. Taurin bayan gida kuwa yana bin magungunan ciwo masu ƙarfi kusan ko da yaushe, don haka ranar da aka rubuta su a roƙi maganin sassauta ciki tare. Gwanda, miyar yauƙi, ruwa da ɗan tattaki suna taimakawa. Tattakin nan kada a raina shi. Zuwa masallaci da dawowa, ko zagaya tsakar gida minti goma da safe da yamma, yana rage kasala kuma yana riƙe tsoka.

Ƙwayoyin "sa cin abinci" da "sa ƙiba" da ake sayarwa a tebur a kasuwa, kada a kusance su. Wasu cikinsu suna kumbura fuska, su raunana garkuwar jiki, su ɗaga sukari, iyali kuma su ɗauka ƙiba ce.

Tsabta a kwanakin shimiyo

Daga kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta suna sauka ƙasa sosai. A wannan tsakanin abin da bai isa ya kayar da ku ba zai iya kayar da shi. A tafasa ruwan shansa. Nono a tafasa shi a gida a kafa kindirmon da kanku, domin ɗanyen nono na iya ɗaukar cututtukan dabbobi. Ƙwai ya dahu har gwaiduwa. Tsire, kilishi da kwaɗon bakin titi, da ɗanyen latas, a dakata da su. Abincin da ya kwana ba firji a bar wa masu lafiya, wanda ya huce kuma a sake tafasa shi. 'Yan dubiya a tarbe su a zaure, mai tari ko mura ya yi gaisuwa daga bakin ƙofa, sauran su wanke hannu da sabulu. Babu rashin kunya a cikin wannan in an faɗa da ladabi.

Maganin gargajiya: wanne za a karɓa, wanne za a mayar

A nan ne gidaje ke rabuwa biyu, kuma a nan ne aka fi asarar lokaci da dukiya. Ban raina itatuwa ba. Wasu daga cikin magungunan shimiyo kansu daga tsirrai aka ciro su: binkiristin daga wani tsiro mai fure na Madagaska, fakilitaksel daga ɓawon wani itace na Amurka ta Arewa. Bambancin shi ne an tace su, an san adadinsu, an gwada su a kan dubban mutane. Jarkar da ake kawowa daga ƙauye ba a san me ke ciki ba ko nawa ne, kuma hanta da ƙodar da za su tace ta su ne ke fama da tace shimiyo.

Masu bincike a jami'ar Yale sun bi bayanan masu ciwon dajin mama, huhu, hanji da mafitsarar maza waɗanda ciwonsu bai bazu ba. Waɗanda suka bar maganin asibiti suka dogara da na gargajiya kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi, a ciwon mama kuma ya haura sau biyar. Wannan ke sa nake ƙin maganar nan da muke ji tun muna yara, wai daji ba ya son allura ko ƙarfe. Abin da ke faruwa shi ne ana kai mutum asibiti bayan shekara ɗaya ana shafe-shafe, ciwon ya riga ya ci jiki, in ya rasu sai a ɗora wa wuƙar likita.

Ku raba abin da ake kawowa gida kashi uku. Na farko, abin da ba ya cutarwa kuma yana sanyaya zuciya: addu'a, karatun Alƙur'ani, ruƙiyya, sadaka, ruwan zamzam, tausa mai laushi da man kaɗe a ƙafa da kafaɗa (ban da kan ƙarin ko inda ake gasa ciwon da na'urar asibiti), zuma cokali ɗaya, habbatus sauda 'yar kaɗan a abinci. Talbina, kunun sha'ir da madara da zuma wanda ya zo a hadisin Nana A'isha cewa yana kwantar da zuciyar marar lafiya, abinci ne mai kyau ƙwarai. In ana ba shi rubutu, a wanke allon da tafasasshen ruwa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma zuwa asibiti yana cikin neman maganin nan.

Na biyu, abin da sai an nuna wa likita: duk wani jiƙo, sassaƙe, gari ko ƙwayar ƙarin kuzari. A kai kwalbar ko ganyen kansa. Tafarnuwa da kurkum a miya ba komai, amma ƙwayoyinsu masu ƙarfi suna iya tsinka jini. Lemon famfulemus, babban lemon nan mai ɗan ɗaci, yana canza yadda jiki ke sarrafa wasu magunguna. Bitamin mai yawa ma ba lallai alheri ba ne: a wani babban gwaji a Finlan da aka buga a 1994, masu shan taba da aka ba ƙwayar betakarotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi waɗanda ba a ba kamuwa da ciwon dajin huhu da kashi 18 cikin 100. In likita ya yarda da wani abu, a gwada shi shi kaɗai, a rubuta ranar da aka fara. Ido ya yi rawaya, fitsari ya ragu ko ya yi duhu, amai ko ƙuraje sun fito, a tsaya nan take.

Na uku, abin da za a mayar ko wa ya kawo. Ganyen korosol babu gwajin da ya nuna yana warkar da ciwon daji a jikin mutum, kuma yawan shansa an danganta shi da cutar jijiyoyi mai kama da ciwon makyarkyata a tsibirin Gwadalup. Ƙwayar da ake kira bitamin B17 ba bitamin ba ce, tana sakin gubar sayanid a jiki, kuma gwajin da aka buga a 1982 a kan mutum 178 bai ga amfaninta ba. Fitsarin raƙumi da ɗanyen nononsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansu saboda cutar numfashi da raƙuma ke ɗauka. Tsaga, sakiya, ƙaho da ɗaura magani mai cin fata a kan ƙari suna buɗe gyambon da ba ya rufuwa, kuma mai shimiyo jininsa ba ya saurin tsayawa. Jiƙon da ke sa gudawa da sunan wanke ciki, da kanwa mai yawa, suna ƙarar da ruwan jikin tsoho cikin yini ɗaya. Kayan kamfanonin nan na "kawo mutum biyu" masu tsada kuwa, kuɗin kwali ɗaya zai sayi ƙwai da kifi na makonni.

Duk mai maganin da ya ce a daina zuwa asibiti, ko ya yi alkawarin warkewa cikin kwana kaza, ko ya ƙi faɗar abin da ke cikin maganinsa, ko ya ce tsananin ciwon alama ce magani na aiki, a rabu da shi. Wanda ya kawo kuma ba a kunyata shi. A karɓa da hannu biyu a ce, "Gwaggo, Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci. Bari mu nuna wa likitansa tukuna, kada ya yi karo da wanda ake sa masa." Wannan ya fi a yi gardama a gaban majinyaci. Ku kuma gaya wa likita gaskiyar abin da aka riga aka sha, ko da kuna tsoron faɗa.

Ciwo, azumi, da lokacin da jiki ya gaji

Mai jin ciwo ba ya ci, ba ya barci. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa matakan maganin ciwo ga masu ciwon daji, daga farasitamol zuwa masu matsakaicin ƙarfi zuwa mofin, kuma ana shan su a kan agogo ne, ba sai ciwon ya taso ba. Ɓarnar da tiramol ta yi wa samarinmu ta sa iyalai suna tsoron duk magani mai ƙarfi. Wanda likita ya rubuta wa mai ciwon daji da awo daban yake da na bakin tasha, kuma barin tsoho yana murƙususu ba tausayi ba ne. Diklofenak da ibufurofen da ake saya a kai a kai suna iya huda ciki su taɓa ƙodar tsoho, kada a ba shi sai da takarda.

In Ramadan ya zo, da yawa cikin iyayenmu za su dage sai sun yi azumi. Alƙur'ani ya ba marar lafiya rangwame, ya rama in ya warke, wanda ba a sa ran zai iya kuma a ciyar a madadinsa. Maganar ta fi shiga in limamin da yake girmamawa ne ya faɗa masa.

Idan ciwon ya yi nisa, akwai lokacin da jiki ke daina karɓar abinci, kuma ba laifin mai girki ba ne ko taurin kan majinyaci. A nan sikeli da lissafin furotin sun gama aikinsu. A ba shi abin da ya yi marmari ko cokali ɗaya ne. Kada a ɗura wa wanda ke kwance ko mai gyangyaɗi, domin abincin na iya bin hanyar iska ya shiga huhu. A riƙa jiƙa leɓensa da auduga da ruwa, a shafa man kaɗe, a juya shi kowace awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. A raba kwana tsakanin 'ya'ya maza da mata, kada a bar wa mace ɗaya jinya dare da rana har ita ma ta kwanta.

Abin da ba a jira gari ya waye a kansa

A sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye kusa da gadonsa. In ya kai digiri 38 a lokacin shimiyo, kada a ba shi farasitamol a ce zazzaɓin sauro ne a kwanta. Yana iya zama shi, yana iya zama cuta ta shiga jini, kuma awoyi kaɗan suna da tasiri. A tafi asibiti mafi kusa da littafinsa, a faɗa tun daga ƙofa cewa yana kan shimiyo da ranar da aka sa masa na ƙarshe. Haka za a yi in amai ya hana ko ruwa zama yini guda, in bayan gida ya yi baƙi ko da jini, in fitsari ya tsaya, in numfashi ya yi wuya, in ya rikice bai gane mutane ba, ko in ciwon baya ya zo tare da mutuwar ƙafafu. Tun yau a samu lambar mai mota ko mai keke mai ƙafa uku a unguwa wanda zai ɗauki waya da tsakar dare, a rubuta ta a bangon littafin, a kuma ware kuɗin wannan tafiya a hannun mai riƙe da littafin.